Wasan da Adiza Ta Bar wa Ciyaman

Na daɗe ina hawa doguwar kujerar nan ta alƙalin tanis, har gwiwoyina suka ce sun gaji, kuma yawancin wasannin da na yi wa alƙalanci sun cakuɗe a kaina. Amma ban taɓa mantawa da ranar da na ga gwanar 'yar wasa tana haɗa gumi don a cinye ta, abin yana neman ya gagara ba. Ku sababbin alƙalai kun ce in ba ku labari, to ku gyara zama.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne, ina aiki a wani kulob da ke kusa da Kokomlemle a birnin Akkara. Ga wanda bai san aikinmu ba, mutum yakan fara da duba layi, ya tsaya a rana yana jiran ƙwallo ta fita ya ce "aut". In ya goge sai a ɗora shi a kujera ya riƙa faɗin maki. Sama da shi akwai rafarin gasa. A littafin doka nan matakin ya ƙare. A kulob ɗinmu kuwa akwai wani mataki sama da rafari, wanda turawan da suka rubuta littafin suka manta da shi, shi ne Ciyaman.

Ciyaman ɗinmu wani Alhaji ne mai manyan motoci a tashar Tudu. Mutum ne mai kyauta, ba zan ci amanarsa ba, shi ya yi mana rufin rumfar 'yan kallo. Likita ne ya ce masa ya riƙa motsa jiki saboda tumbi, shi kuma ya sayi raket mafi tsada a Akkara da farin gajeren wando, ya faɗo tanis da girmansa. Tun daga ranar ba a taɓa cin sa ba. Lauyoyi sun buga da shi sun faɗi, likitoci sun faɗi, har samarin da ke wakiltar kulob a gasa, da sun tsaya gabansa sai hannunsu ya mutu. An ce wani ma'aikacin banki ya taɓa mantawa ya cinye shi, sai aka gano a satin nan cewa takardun shigarsa kulob ba su cika ba. Kowa ya san dawan garin ban da mutum ɗaya. Alhaji ya yarda har zuciyarsa cewa Allah ya yi masa baiwa, girma ne kawai ya riga shi.

Ita kuma Adiza 'yar unguwar Maamobi ce. Babanta ɗan sanda ne, a filin barikin 'yan sanda ta fara riƙe raket, wani tsohon na katako da matar wani ofisa ta yar. Ta cinye matan gida, ta cinye na maƙwabtan ƙasashe, daga nan ta haye Turai tana bin ƙananan gasannin da ake biyan kuɗi. Mutanen unguwa suna zaton tana can tana kwana a otal mai bene. Ita ta gaya mini da bakinta cewa sau da yawa a tashar jirgin ƙasa take kwana da jakarta a matsayin matashi, ta jiƙa garin rogo da suga ta sha, da safe ta shiga fili da wadda ta zo da koci da mai tausa. Duk da haka ta ci wasanni, sunanta ya shiga jerin ƙwararru. Gwiwa ce ta dawo da ita gida. Ta kama koyar da motsa jiki a wata makaranta, da yamma kuma tana tara 'yan matan unguwar Nima tana koya musu tanis a bayan wani sito. An ja layi da gawayi a jikin bango, shi ne raga. In ƙwallo ta faɗa kwata, a wanke a ci gaba.

Abin da ta zo nema wajenmu bai taka kara ya karya ba. Muna da fili na uku, wanda ba kowa a kansa ranar Asabar da safe sai mai kula da kicin da ke shanya mayafan tebur a kan raga. Shi take so a ba yaranta aron awa biyu, su san yadda filin gaske yake kafin su girma su watse. Ta zo ofis ta durƙusa ta gaida Alhaji, ina wurin.

"Adiza," in ji Alhaji, "an ce ka buga da oburoni, turawa, a kasan su. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba Alhaji."

"Yoo. Bayan Salla muna da wasan kulob. Zo ka gwada ni, set daya. In mun gama mu yi maganan fili."

Da ta fito, sakataren kulob ya ja ta gefe, wani tsohon malamin makaranta da ya yi shekaru yana lallaɓa Alhaji kamar ƙwai a cokali. Ya ce mata, "Sista, ka ji ni da kyau. Ciyaman ba a cin shi. Ba shi wasa, shi zai ba ka fili. Ka ci shi, yaran ka su mutu a bayan sito." Ta juyo ta dube ni ta ce, "Baba Issaka, kai me ka gani?" Na ce mata ni alƙali ne, abin da ya faɗo a fili shi nake faɗi. Sakatare ya ƙara mata da cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ta ce ta ji.

Ranar wasa rumfa ta cika. Direbobin Alhaji sun zo, yaran motarsa sun zo, har da mai ganga. Adiza kuma ta zo da 'yan matanta, sun sha wanka da fararen takalman makaranta da aka goge da alli, aka jera su a benci can ƙarshe. Yawancinsu ranar suka fara ganin filin tanis da idonsu. Kafin in hau kujera sakatare ya raɗa mini cewa duk ƙwallon da ta faɗi kusa da layi ta Ciyaman ce. Ya ɓata bakinsa a banza. Ƙwallon Alhaji ba ta saba faɗuwa kusa da layi ba, sai dai kusa da katanga.

Tsarin wasan mai sauƙi ne. Maki huɗu su ne gem, wanda ya riga kai gem shida ya ci set. Mai sabis, wato mai fara buga ƙwallo, yana da dama biyu, in ya zubar da duka biyun makin ya zama na abokin karawa. Da wannan ƙa'idar ta ƙarshe Adiza ta rayu a ranar.

Ku da ba ku gani ba kuna zaton faɗuwa abu ne mai sauƙi. Da farko ta gwada hanyar mutunci, tana ɗaga masa ƙwallo a hankali tana ajiye masa ita daidai bakin raket, yadda uwa ke ba yaro koko. Alhaji ya ja baya, ya cije leɓe, ya kai duka, ƙwallo ta wuce ta ƙarƙashin hammatarsa. Ta sake ba shi, ya aika da ita kan rufin da ya gina mana. Kafin a ankara ta ci gem biyu ba da niyya ba. Na ga sakatare yana fifita da hula, fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci.

Sai ta koma zubar da sabis. Matar da ta yi shekaru tana horar da hannunta kada ya yi kuskure, yau ita ce take roƙon hannun ya saka ƙwallo a raga. Hannun ma ba kullum yake yarda ba. Akwai lokacin da Alhaji ya yi sa'a ya dawo da wata ƙwallo, jikinta ya manta da yarjejeniya, ta sheme ta ta gefen layi da irin bugun da ban taɓa gani a filin nan ba. Ƙura kawai muka gani. 'Yan matan suka miƙe da ihu. Adiza ta ɗaga hannu ta ce, "Kafra, yi hakuri, Baba Alhaji, kuskure ne." Alhaji ya ce ba komai, kowa yana sa'a wata rana.

Ni ina sama ina faɗin maki da muryar aiki. Ban yi ƙarya ko sau ɗaya ba, ba a ma buƙaci in yi ba. Ta zubar, na faɗa. Ta buga waje da gangan, mai duba layi ya ce "aut", na faɗa. Alhaji yana haki kamar tsohuwar mota a hawan tudu, ana ba shi ruwa ana masa fifita, mai ganga yana zuba kirari. Da ƙyar da jiɓin goshi ta samu ta kai shi gem shida. Na sanar da cewa Ciyaman ya ci. Direbobi suka kwasa a guje suka ɗaga shi sama, abin da ya fi wasan kansa wahala.

Da aka natsu aka kawo lemo, Alhaji ya karɓi lasifika. Ya gode wa Allah, ya gode wa likitansa. Ya yaba wa Adiza, ya ce yarinya ce mai ladabi kuma ta yi ƙoƙari. Sannan ya ce:

"Amma jama'a, ku duba da idon ku. Wannan shi ne champion na mata, ya je kasan oburoni ya dawo. Ni tsoho da jikoki na ci shi. To in babban su ke nan, kananan fa? Wannan wasa ba na mata ba ne koraa, ko kadan. Kar mu bata lokacin yara, su je su taya uwayen su talla. Fili na uku ya zauna yadda yake."

Aka yi tafi. Wallahi aka yi tafi, har da sakatare, da yake hannunsa ya saba.

Adiza ta matsa kusa, ta ce, "Baba Alhaji, a ba ni set daya kuma. Yanzu, ko gobe, ko duk ranan da ka so." Alhaji ya yi dariya ya dafa kafaɗar sakatare. Ya ce ai shi daga yau ya ajiye raket, likita ya ce gwiwa, kuma gwani yakan sauka ne tun ana tafa masa. Bai sake buga tanis ba har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa. Ya tafi ba a taɓa cin sa ba, aka rataye hoton ranar a ofishin kulob.

Ina naɗe takardar maki sai ga 'yan matan sun kewaye ta a bakin ƙofa. Wata 'yar ƙarama a cikinsu ta riƙe mata jaka ta ce, "Anti, da gaske ya fi ka?" In Adiza ta ce a'a, ta gaya wa yaran cewa malamarsu ta yi ƙarya a gaban jama'a. In ta ce e, ta gaya musu Alhaji ya yi gaskiya. Ta karɓi jakarta ta ce su wuce su nemi mota. Raina bai taɓa ɓaci a wurin aiki kamar ranar ba. Daga baya na ji yaran sun riƙa raguwa a bayan siton, don iyaye sun ji labari, kuma ba mai son 'yarsa ta ɓata takalmi a wasan da tsoho mai tumbi ya fi gwanarsa. Ba tsuntsu ba tarko.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. A aikin nan za a yi ta gaya muku cewa babban mutum ya san ana bar masa ne, wai a ransa yana godiya. Bai sani ba. Mu muka yi shekaru muna hana shi sani, lauya da likita da sakatare da mai ganga, kowa da gudummawarsa. Makin da kuka faɗa daga kan kujera shi mutane za su tafi da shi gida, ba wanda zai tambayi yadda aka yi aka same shi. Don haka in ɗan wasa ya zo muku da shawarar zai faɗi don a yi masa alheri, ku ce masa ya ci wasansa tukuna. In an hana shi abin da ya zo nema, aƙalla zai iya duban yaransa ya amsa musu tambaya.