Ranar Da Aka Tura Mai Turi

Mijin yayata, Orval Beeson, ya yi shekara kusan arba'in a fagen tseren motoci na Sugar Fork, amma bai taɓa zagaya fagen ba ko sau ɗaya. Ba sharri nake masa ba, duk wanda ya girma a yankinmu na Indiyana shaida ne. Ni ke ɗaga tuta a fagen, ni kuma ke yi masa aski, don haka na san kan nan nasa ciki da waje.

Sana'arsa turi. 'Yan motocin nan da muke kira mijit, waɗanda direba ke cusa kansa ciki kamar ƙafa a takalmi, ba su da sitata, ba su da kuloci. Sai an tura su suke tashi, in kuma suka tsaya sun mutu. Orval kan zo da a-kori-kurarsa mai faffaɗan katako a gaba, ya manna a bayan mota ya tura. Da injin ya yi tari ya kama, sai ya ɗage ƙafa daga totur, ya karya sitiyari hagu, ya faɗa tsakiyar fili. Mai mota ya wuce, shi kuma ya sha jar laka a fuska. Haka duk Asabar.

Ba da niyyar turi ya shigo ba. Bayan yaƙin duniya, lokacin da samarin garinmu ke cire wa tsofaffin motoci rufi da ƙofofi su shiga tsere, Orval ma ya haɗa tasa a bayan garejin ubansa, yana cika baki a shagona cewa sai ya koya wa maƙwabtanmu mutanen jihar Ohayo tuƙi. Saura mako guda ya fito sai tsautsayi ya kai shi gaban yayata Nadine, wadda ke sayar da soyayyiyar gyaɗa a rumfar 'yan kallo.

To, ga inda gizo ke saƙa. A wajenmu gyaɗa ba ta shiga rami, wato shingen da makanikai da direbobi ke zama. An ce an taɓa tsintar ɓawonta a motar wani da ya kife, shi ke nan magana ta zauna. Koren fenti ma ba ya shiga, a zamanin nan mace ma ba ta shiga. Orval ya fi kowa riƙo da wannan. Sai ga shi ya rasa wadda zai so duk faɗin ƙasar nan sai mai gyaɗa. Ta saman shinge suke hira, yana tsaye can nesa, hannuwa a aljihu.

"Matso mana, ba ta cizo," in ji Nadine.

"Ina jin ki daga nan."

Da maganar aure ta taso, sharaɗi ɗaya ta gindaya. Ta ga yadda ake kwasar samari daga jikin katangar fage in sun yi karo, ta ce ba za ta zauna da gwangwanin gyaɗa a cinya tana kallon a kwashi nata ba. Orval ya sayar da motar, ya sayi a-kori-kura. Bai taɓa yi mata gori ba, sai dai duk Asabar in ta dawo gida sai ta wanke hannu a famfon waje kafin ta taɓa hularsa. Gyaɗar nan ita ta sa yaransu a makaranta, shi kuwa ko ƙwaya ɗaya bai taɓa kaiwa baki ba.

Sai dai mai hali ba ya fasa halinsa. Wata shekara ya jawo gawar wata mijit da aka yasar a bayan rumbun wani manomi, ya ce gyara zai yi ya sayar. Gyaran nan ya kai shekara ashirin. Ya shafa mata farin fenti, ya goge, ya sake shafawa. In ka leƙa garejin da rana za ka tarar da shi zaune a ciki, gwiwoyi a haɓa, yana murza sitiyari. Da ya gan ka sai ya ce kujerar yake aunawa.

Sai aka sayar da fagen, za a gina gidaje. Aka sa ranar ban-kwana, aka ce duk tsohon da ke da mota ya fito da ita ya zagaya. Orval ya haura saba'in, ido ya fara hazo. In bai zagaya ran nan ba, ba sauran fage, ba sauran ido. Nadine ce ta fara magana, tana zuba masa kofi.

"Ka fitar da amaryar taka ta sha iska mana."

"Alkawarin fa?"

"Alkawarin saurayi ne. Kai yanzu wa zai yi asararka?"

Ranar ta zo, rumfa ta cika. Tsofaffin direbobi suka hallara, wannan da sanda, wancan da haƙoran roba, kowa na rantsuwa shi ya ci tseren da ni na san ko na uku bai zo ba. Mutum biyu suka danna Orval cikin mota. Lonnie, wanda ya gaje shi a turi, ya manna masa katako ya tura. Injin ya yi tari, ya kama da wata irin ƙara mai daɗi. Me zan gani? Orval ya ɗage ƙafa, ya karya hagu, ya faɗa tsakiyar fili. Mota ta yi shaƙuwa ta mutu.

Rumfa ta fashe da dariya. Buzz Tackett, tsohon direban da Orval ya fi turawa a duniya, ya riƙe ciki.

"Orval! Wa ka ba hanya? Kai ne motar, wawa!"

"Totur ɗin ne ya maƙale."

"Ƙafarka ce ta maƙale!"

Aka jawo shi aka sake turawa. Inji ya kama, ƙafa ta ɗage, hannu ya karya hagu. Wannan karon ba kowa ya yi dariya ba. Na hango shi ya cire tabarau yana gogewa, alhali ba abin da ya same su. Ni da na shekara arba'in ina tsokanarsa, wallahi sai na ji kamar in kwaɗa wa Buzz sandar tuta. Mai fagen ya ce akwai mutane a layi, saura gwaji ɗaya.

Sai ga Nadine ta sauko daga rumfa, ta tura ƙofar rami ta shigo, zanin tallarta ɗaure a ƙugu, aljihu cike fal da gyaɗa. Tsofaffin nan suka dare. Buzz, wanda ya shigo da sanda, ya tsallake taya ba sanda.

"Nadine, ki ji tsoron Allah! Gyaɗa a rami?"

"Gobe rusa ramin za a yi, Buzz. Me ya rage gyaɗa ta ɓata? Lonnie, sauka."

Orval ya waiga ya ga matarsa a bayan sitiyarin motar turi. Ya buɗe baki, katako ya riga shi.

Ta tura, inji ya kama, ya ɗage ƙafa. Ita ba ta ɗage ba. Ta ƙara masa gwara, ta danna oda ta riƙe, ta leƙo da kai tana ihu: "Taka, tsoho! Taka!" Kafin hannunsa ya karya hagu ta riga ta kai shi bakin kwanar da ke bin hagu, sai hagun ta zama daidai. A miƙaƙƙiyar hanyar da ke can baya ta sake gwara shi. Ban sani ba ko jarumta ce ko gudun mata ne, sai dai na ji farar motar nan ta yi kuka, ta fizge, ta watsa wa gilashin Nadine jar laka. Sai yayata ta ɗage ƙafa, ta karya hagu, ta faɗa tsakiyar fili, daidai inda yake tsayawa. Ashe duk shekarun nan ta saman shinge ba gyaɗa kaɗai take lura da ita ba.

Zagaye ɗaya aka ba kowa. Da ya zo wucewa ta gabana, tuta na hannuna, sai ƙeyata ta kama ƙaiƙayi, ban ɗaga in tsayar da shi ba. Ya sake zuwa, igiyar takalmina ta kwance. Mai fagen na ta ɗaga mini hannu, ni kuwa idona ma ai ya fara hazo. Sai da mai ya ƙare motar ta gangara ta tsaya da kanta.

Muka ruga. Nadine ta riga mu isa, idanunta jajur, ta ce laka ce ta shiga. Orval na zaune a ciki. Ya shafa fuskarsa ya duba tafinsa, ya sake shafawa ya duba.

"Nadine," ya ce, "ashe in kana gaba ba laka."

Ta san wanda ya sha lakar, ta san kuma don wa ya sha. Ta sa hannu a aljihu don ta ciro hankici, sai gyaɗa ta biyo shi ta zube a cinyarsa, cikin motar. Buzz ya yi salati irin nasa ya ja da baya.

Orval ya daɗe yana kallon gyaɗar. Sannan ya ɗauki ɗaya, ya fasa, ya jefa a baki, ya tauna a hankali.

"Shekara arba'in," ya ce, "ba wanda ya gaya mini haka kika iya suya."