Tiyar da na ƙi yarda da ita

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Malam Sani, malamin firamare a Mairuwa, Allah ya jiƙansa. Da ana iya komawa baya, abu ɗaya zan gyara: shekara huɗun da na ɓata wa ɗiyarsa Hadiza da taurin kaina.

Ni mai awon hatsi ne. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na ci kasuwannin Ƙanƙara da Sabuwa tun gemuna bai fito ba, kuma na san kowace kasuwa da tiyarta. Buhun da ka cika da tiyar Damari, in ka kai shi Daudawa sai lissafi ya canza. Da wannan idon nake kallon komai, har makaranta.

Hadiza ta gama kwalejin horar da malamai, shekara uku, tana son digiri. Sani ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Yaya, jami'o'i sun yi shawara sun tsayar da tiya guda. Darasin awa ɗaya kowane mako har zango ya ƙare, shi suke kira kiredit ɗaya, ko a wace jami'a. Da takardar da ke hannunta, aji biyu za ta faɗa kai tsaye." Na yi dariya har da buga ƙafa. Na ce, "Malam, 'yan kasuwa biyu ba su yarda da tiyar juna ba, sai furofesoshi?" Ya ce, "Kai dai Yaya, da kai ne shugaban jami'a, ko digirin jami'arku sai ka sake aunawa."

Bai kai damina ba ya rasu, riƙon yarinya ya dawo hannuna. Na karɓi takardunta na kulle a akwatin ƙarfe. A ganina tausayi ne. Kar ta je a ce ta fara daga farko, shekara ukunta ta zube, ta ƙara huɗu a kai. Ta yi mini bayani sau biyu, na ce na fi ta sanin awo. Ta ci gaba da koyar da yara.

Abin da ya kwance ni, masu sayen masara ne da suka zo da sikeli. Na ga an ɗora buhu a Sabuwa, na ga irinsa a Ƙanƙara, kilo bai ƙaru ba bai ragu ba, kuma babu mai musu. Na tsaya a bakin rumfa kamar an dasa ni. Ashe in mutane sun yarda, ma'auni yana zama ɗaya. Ranar ban jira kasuwa ta watse ba. Na dawo gida na buɗe akwati na kira ta. Ta karɓi takardun ta ce, "Baba, yau sikeli ya yi abin da muka kasa?" Muka yi dariya, amma ni tawa da kunya a ciki.

Aji biyun kuwa aka sa ta, kamar yadda ubanta ya faɗa. Yanzu tana koyarwa a sakandare, ana ce mata Malama mai digiri. Da Sani na nan, na san ba zai bar ni in sha iska ba. Duk taron suna sai ya ba da labarin, yana kwaikwayon yadda nake buga ƙafa. Zai kuma ji daɗin yadda yaran yanzu ke zancen kiredit da aji kamar zancen taki.

Abin da ya rage mini na Sani shi ne haƙurinsa wajen bayani, kuma ina ganinsa a Hadiza. Ta yafe mini, amma shekara huɗu ba ta dawowa. Don Allah, masu karatu, in yaro ya zo muku da maganar makarantar da ba ku sani ba, ku tambayi wanda ya sani kafin ku kulle akwati.