Dusar Ƙanƙara a Cikin Fulas

Yaya motar da ta ɗauki tanti, gawayi, dardumai da naman rago guda ta rasa wurin bargon mijina? Shekara shida ina wannan tambaya, ban sami amsa ba. Ban iya rubutu ba, 'yata ce ke rubuta mini, na kuma ce ta rubuta da zafinsa, don har in koma ga Allah ba zan manta da tafiyar nan ba.

Malam, mijin nawa, ya fi shekara talatin yana tuƙi a wani gida a unguwar Abhur da ke Jidda. A unguwar Ruwais aka haife shi, kamar ni. Mu sanyinmu a Jidda shi ne a kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe taga. Amma duk lokacin sanyi sai ya zauna da waya yana nuna mini dusar ƙanƙara. Ya ce ƙasar nan duk girmanta, a duwatsun Tabuka can arewa ta fi sauka, wata shekara ta rufe idon sawu, wata shekara ko ƙyas. Ya ce a Rasha har motoci take binnewa. Sai in ce, "To je ka ta binne ka mana, tsoho." Allah Ya yafe mini wannan baki nawa.

Ranar da kafilinsa, wato maigidan da yake wa tuƙi, ya ce za a kai yara Tabuka kallonta, na san Malam yana da ciwon ƙirji. Na naɗe masa bargonmu mai kauri, na cika masa fulas da shayin citta. Da la'asar sai ga mai gadin gidan da bargon a kafaɗa. Wai uwargidan ta ce, "Mafi makan, babu wuri. Kwana biyu ne kawai, yalla!" Malam kuwa ya ja mota suka tafi. Shekara talatin bai taɓa ce musu a'a ba.

A can, direba ba ya shiga tantin iyali, da mota ake barinsa. Su suna ciki da hita da gasasshen nama, shi yana mota, injin a kashe don gidan mai da nisa, daga shi sai jallabiya da 'yar suwaita. A haka kuma ya tuƙo su yini guda har gida.

Ya shigo yana tari, leɓe duk ya tsage, amma yana murmushi. Ya miƙo mini fulas. "Hajiya, buɗe, tsarabarki ce."

Ruwa na gani, da yashi a ƙasa. Ashe tun ranar farko ya zubar da sauran shayin ya cusa mini dusar ƙanƙara. Na hau shi da faɗa. "Abin da zai ɗumama ka ka zubar? Kai yaro ne?"

Kwana biyar ya yi a asibiti, Allah Ya yi masa rasuwa. Kafili ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, yana cewa, "Maktub, rubutacce ne." Na san ajali, ban yi jayayya da Ubangijina ba. Amma bargon nan hannun mutum ne ya sauke shi.

Abin da na koya nake faɗa wa 'ya'yana: kunyar maigida ba ta kai ranka ba, in an hana ka abin rufa, buɗe baki. Kuma kada ka tari tsaraba da faɗa, ba ka san ko ita ce ta ƙarshe ba.

Fulas ɗin yana nan bisa kabad, ban sake buɗe shi ba. Da safen da zai cika, ya janye abin numfashi daga bakinsa, ya kama hannuna.

"Hajiya, kar ki zubar da ruwan nan. Wallahi fari ne tas lokacin da na ɗebo miki."