Hitar da Tauno ya karya

Shekara talatin da takwas Tauno Kemppainen ya yi yana gyaran motocin dizal a gareji ɗaya a garinmu, amma yau in ka ambaci sunansa sai a ce, "Tsohon nan da ya kashe motar nas?" Ni ce nas ɗin, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Gwani ne a kan hita, fulogin nan da ke ɗumama inji kafin ya tashi. Da sanyin safiya zai tsaya bayan mota ya shinshini farin hayaƙin salansa, sannan ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu ya bi hita huɗun ɗaya bayan ɗaya. Wadda ƙwan bai kama a kanta ba, ita ce matacciya. Sai dai ba ya kwance ta a ranar. Kwana uku yake ɗiga mata mai har tsatsa ta saki.

Shekarar da aka yi muguwar ƙanƙara tsohuwar motata ta ƙi tashi. Ya duba ya ce, "Ta uku ce, Ritva. Dawo Alhamis."

"Alhamis? Marasa lafiyata su zauna jiran tsatsarka ke nan?"

"Hau bas mana. Sauri ya haifi nawa."

Ni kuwa da baƙin gajen haƙurina na wuce ofishin Jarmo, wanda ya gaji garejin daga ubansa. Ya fito yana kumfar baki: "Kai tsoho, nan gareji ne ko asibiti? Cire ta yau, ko ka ajiye sifana ka kama gabanka!"

Tauno ya dube ni. Ya sa sifana ya murɗa a hankali. Ƙas! Hitar ta karye, rabinta ya maƙale cikin kan inji. Motar ba ta sake hawa titi ba.

Bayan sati biyu aka sallame shi, har da walimar kofi da burodin kirfa. Jarmo ya dafa kafaɗarsa ya ce wa jama'a, "Tsufa ba laifi ba ne. Hannu ne ya fara rawa."

Kowa ya gyaɗa kai. Kofin da ke hannun Tauno cike yake fal, ko ɗigo bai zuba ba. Ya juyo yana kallona, yana jira in faɗi gaskiya. Na cusa burodi a baki na ci gaba da tauna.