Kunnen Ƙanina Mai Gyara

Ƙanina mai gyara da kunnensa ya ci abinci. Tsohuwar kwamfuta in ta ƙi tashi kuka take yi, shi kuwa daga jin kukan ya san ciwon allon cikinta. Yanzu kunnen ya mutu, girman kai ya hana shi faɗa.

Ina shagonsa wani malami ya kawo tasa kwamfutar. Ana kunnawa ta hau tsuwa.

Ƙanina ya kara kunne, ya ce, "Shiru. Allon ya ƙone."

Na ce, "Kai kurma, har maƙwabta sun ji!"

Ni ma bai ji ni ba. Malamin ya kwashi kayansa, ya tsallaka shagon gaba.

Ƙanina ya ce, "Yaya, mutanen yanzu ba haƙuri."