Daɓen Zauren Kalilu

Duk direban da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san rumfar Kalilu mai tura waƙoƙi. Tana nan dab da shingen boda, tsakanin mai shayi da mai faci: tebur ɗaya, tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure da roba, sai sifika mai tari idan an ƙure ta. Ka miƙa masa waya ko memori, ya cika maka da kiɗa. Tun zamanin kaset yake wannan harka. Ya ga sidi ya zo ya wuce, ya ga lokacin da aka rufe boda, yana wuni yana kunna wa kansa da awakin tasha waƙa, amma bai taɓa tunanin sake sana'a ba. Mutum ne da ko tuwo yake ci ƙafarsa na bin kiɗa.

Abin tinƙahonsa ɗaya ne, ba ya kuma gajiya da faɗa: babu wanda ya taɓa rera masa baiti ya tashi bai samu waƙarsa ba. Akwai cika baki wurin Kalilu, sai dai gaskiya yake faɗa.

Ana nan sai Abdulrazak, wani direban babbar mota ɗan Maraɗi, ya zo ya zauna a bencinsa jiki a sanyaye. Mahaifiyarsa Mariyamu ce ke kwance. 'Yar ƙauyen Gangara ce, nan kusa da Jibiya, aure ya kai ta Maraɗi shekaru aru-aru.

“Malam Kalilu, tsohuwa ba ta son komi sai wata waƙa ta garinsu,” in ji shi. “Kullum ita taka gunguni.” Ya rera ɗan abin da ya riƙe.

Kalilu ya sa aka maimaita. Ya bincike kwamfuta kaf, ya zazzage buhun tsofaffin kaset, babu ita babu dalilinta. Mai shayi, wanda ya daɗe yana jiran wannan rana, har madara ya ƙara masa don ya ji daɗin tsokana. Abin ya ci wa Kalilu rai. Ga sunansa zai zube, ga tsohuwa tana jira, jikin kuma ba ya ƙara kyau.

Matarsa Bilki ce ta ji yana gungunin a tsakar gida ta ce, “Baban Ilham, ai wannan waƙar daɓe ce, kakata na yin ta.” A da, mata kan taru su baza tsakuwa a ɗaki, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta kwanta sumul. Siminti ya zo ya kashe abin, ba wanda ya taɓa ɗaukar waƙar.

Washegari Kalilu ya hau babur sai Gangara. Aka nuna masa Inna Salmatu, wadda ke ba da waƙa a zamaninsu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi ta tara ƙawayenta su rera ya ɗauka a waya. Tsohuwar ta yi dariya har da tari.

“Kai ɗan nan, waƙad daɓe da hannu sake? Ai madaɓi shi ka ba da kiɗi. In babu aiki gabanmu, baki bai buɗewa.”

Suka gwada da tafi don kada ya koma haka, waƙar ta mutu a tsakiya. Garin kuwa babu mai ɗakin da ke jiran daɓe.

Kalilu ya dawo gida ya tsaya yana kallon zaurensa, wanda bara ya shafe da siminti har yana kiran maƙwabta su zo su gani. Ya aro diga. Bilki ta ɗora hannu a ka, maƙwabta suka ce dama sun san kiɗan nan sai ya taɓa shi. Shi kuwa ya yi ta sara har sai da ya farfashe simintin tas.

Aka ɗauko tsofaffin a a-kori-kura, kowace da madaɓinta da ta tono daga bayan rumbu. Bilki ta dama fura, aka jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar da ake yayyafa ruwansa don daɓe ya yi ƙarfi, Kalilu ya rataye waya a jikin azara ya fita, don daɓe ba wurin maza ba ne. Da madaɓai suka sauka tare, Inna Salmatu ta ɗaga murya, sauran suka amsa, sai ga waƙar ta fito cikakkiya. Kalilu yana tsugune a bakin ƙofa, ƙafa na bin kiɗa, hawaye na zuba, bai ko ji kunyar masu wucewa ba.

Abdulrazak ya karɓi memori ya ƙetare. Da ya dawo, ko gyara fakin bai yi ba, ya diro ya nufo rumfar.

“Ta ji, Malam Kalilu! Tashi ta yi zaune ta ce, ‘Wagga muryas Salmatu ce! Ashe tana da rai?’ Tare sunka tashi, tare sunka koyi daɓe. Ta ce in kai mata ita, ko a goye.”

Mai shayi ya gyara tsayuwa yana jiran a fara cika baki. Kalilu kuwa miƙewa ya yi. Ya kashe sifika da rana tsaka, abin da ko rufe boda bai sa shi yi ba, ya hau babur ya tafi Gangara ɗauko Inna Salmatu.