Ƙwaryar da Take Kifewa a Bakin Ɗaki

Yanzu mace takan fita tsintar ɗorawa ita kaɗai a dajin da ke tsakanin Batsari da Safana, ta dawo ba abin da ya taɓa ta sai ƙaya. A zamanin da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato, tun Nasara bai zo ba, ba a yin haka. Mahara na iya ɓullowa daga arewa kowace rana, don haka itace da ruwa da ɗorawa duk a ƙungiya ake fita nemansu, a dawo da wuri. Aikin yini guda sai a cusa shi cikin rabin yini.

Ni farke ne a lokacin. Na je Gwanja sayen goro, na je Borno, na zauna a ƙasar Nufe har na ji harshensu. Matata kuwa daddawa take yi. Takan dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, ta surfa, ta kai rafi ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye har ta ruɓa, sannan ta daka ta shanya. Da wannan sana'a gidan ke ci duk watannin da ba na nan. Ga 'ya'ya uku, ga jaririya a baya.

Tana da wata al'ada. In rana ta take tsaka, sai ta kife wata tsohuwar ƙwarya a bakin ɗakinta, ta shige da jaririyar. Muddin ƙwaryar na kife, ba mai kiranta, ko tuwo ne ke ƙonewa. Sai inuwar rumbu ta kai bakin turmi take fitowa. Ni a ganina lalaci ne aka yi wa ado. Na ga matan Nufe suna tuƙa jirgi da goyo, na ga na Borno suna dakan da ba ya ƙarewa, ban ga mai kife ƙwarya ba.

Wata shekara na dawo da baƙi, Barebari huɗu abokan tafiya, za su jira a gidana har hanya ta yi kyau. Ranar farko suka nemi fura da azahar. Na shiga cikin gida, na tarar da ƙwaryar a kife. Na ɗauke ta, na auno gero a ciki, na aje a bakin ƙofa na yi gyaran murya. Ta fito ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta ce, "To, Malam." Ta ɗauki taɓarya.

Haka aka yi kwana goma sha wani abu. Baƙi na yaba furar, ni ina jin daɗi. Jaririyar ta fara kuka ba ji ba gani. Ta kama nono ta saki, ta kama ta saki. Sai kukan ya koma siriri, maɗigarta ta faɗa. A wancan zamani in nonon uwa ya ƙafe, ba a daɗe ana jinya.

Aka aika garin Wagini, gwaggona ta zo a kan jaki. Ita ta raine ni, ba ta jin nauyin gemuna. Ta duba yarinya, ta duba uwar, sannan ta hango ƙwaryar cike da tsaki a gefen turmi.

"Wa ya tashe ta?" in ji ta.

Na ce ni ne, baƙi gare ni.

"Baƙin naka nono suke sha? Kai da ka iya yaren kowa, na cikin gidanka ne ya gagare ka. In ka yi wa jakinka tafiyar yini, kana sauke masa kaya da rana ko ba ka saukewa?"

Na ce ina saukewa.

"Ashe jakin ya fi ta gata."

Ta kwantar da matata, ta dama mata kunun kanwa. Amma an riga an ɗora kalwa a wuta, in aka bari ta lalace, abincin wata guda ya tafi. Gwaggo ta ce girki da daka nata ne, itace da ruwa da wankin kalwa kuwa na mai baƙi ne.

Da sassafe na bi ƙungiyar masu fita. Matata daga kwance ta ce, "Malam, ka bi ta bayan dutse in za ka rafi, akwai busasshen itace, ka tara ka bari. In za ka dawo ka ɗauka. Kada ka cika tulu a sawun farko, wuya bai buɗe ba tukuna." Na yi dariya, na cika. Kafin sawu na uku wuyana ya sage. Wankin kalwa kuma a duƙe ake yinsa cikin ruwa, ana murzawa ana tsiyaye ɓawo, ido ɗaya na kan daji. Ni da na taka har Gwanja da kaya a kai, kafin azahar na zauna a gindin rumbu na kasa ɗaga buta.

A zaunen nan na fara ganin gidana. Murhu ɗaya ne, amma ta jera shi yadda wutar da ke dafa kalwa ita ke ɗumama ruwan wankan yara, tokar kuma ta tafi surfe. Turmi na inda inuwa ke faɗawa da yamma. Randa na kan hanyar shigowa, ba a ƙara taku ko ɗaya da tulu a kai. Na yi tafiya da madugai masu sanin inda za a yada zango don kada dabba ta faɗi, ana yabonsu gari gari. Ban ga wanda ya kai matar nan lissafin ƙarfi ba. Ta san abin da jikinta zai bayar daga asuba zuwa magariba, ta raba shi, ta ware na yarinyar ta kife ƙwarya a kai. Wannan rabon na ɗauka na dama wa baƙi fura.

Na fita zaure na gaya wa baƙin gaskiya da Barbarci, don kada maƙwabta su ji. Babbansu ya ce shi ma ya bar mai goyo a gida. Suka koma zango a ranar.

Kwana uku muna kallon yarinyar. A na huɗu da hantsi na ji kukan ya tsaya cak. Na leƙa. Tana tsotso, ana jin haɗiyarta daga bakin ƙofa, nono na gangarowa ta gefen bakinta. Gwaggo ta ce, "Matsa, ka tare mata iska."

Na zubar da tsakin, na wanke ƙwaryar, na kife ta da hannuna.

Yarinyar ta rayu, yau tana da jikoki a garin Karare. Tun daga ranar ban sake saukar da baƙo a gidana ba sai na tambayi uwargida, kuma har ta rasu ba wanda ya sake ɗaga ƙwaryar nan sai ita.